Ciwon Zuciyar Da Aka Ɗora Min

Ke da kika rubuta a ƙasan labarina cewa duk 'yar da ta bar uwarta tana haki saboda taurin kai ba za ta gama da duniya lafiya ba, na ga saƙonki, kuma ban goge shi ba. Ki gyara zama, yau da ke nake. Sauran masu karatu sannunku da haƙuri. Wanda bai san ni ba, ni ce Auta, tela ce ni, shekarata ashirin da tara, kuma har zuwa safiyar jiya ni ce babbar mai laifi a gidanmu.

Laifin nawa bai wuce kalma ɗaya ba. Wani bawan Allah mai haɗa wutar sola ya ce yana so na, na ce a'a.

Ni na raɗa masa suna Malam Ba-Komai, don ba shi da wata amsa sai ita. Ka taka masa ƙafa, ba komai. Ka shanya shi a rana, ba komai. Gyaran batir ne ya fara kawo shi gidanmu. Daga nan ya gyara fankar ɗakin Umma, ya ɗaure famfon tsakar gida da ke ɗiga tun Baba na da rai, ya canza sakatar ƙofa. Kafin in ankara Umma na ce masa "ɗana", Gwaggo kuwa, yayar mahaifinmu da ke zaune tare da mu, har kujera mai hannu take ajiye masa. Ya nemi gidan nan kaf, daga ƙofa har rufi, kuma ya samu. Ni kaɗai ya manta bai nema ba. Sai dai in dawo daga shago in tarar an gama magana a kaina, kamar yadin da aka yanka ba a auna mai shi ba. Ba mummuna ba ne, kar ku je ku ce na faɗa. Dogo ne, yana da wushirya, kuma rigar aikinsa mai ruwan toka kullum a goge take. Amma ni ba famfo ba ce da za a ɗaure a wuce.

Da na ce masa a'a, kun san me ya ce. Bai kuma ɗauke ƙafa ba. A cikin satin ma sai ga shi da keji, tsuntsayen kanari a ciki, wai su riƙa ɗebe wa Umma kewa idan na tafi shago. Umma ta rataye kejin a tagar ɗakinta, daidai saitin filonta. Ita ke ba su ruwa, ita ke share musu ƙasan keji, har hira take da su.

Ba a jima ba ta fara tari, busasshe, mara majina. Sai haki. Matar da ke share tsakar gida tana mita a lokaci guda, sai ga ta tana dafa bango kafin ta kai bakin famfo. Ta rame, zanin da na ɗinka mata ya fara yi mata yawa. Gwaggo ba ta ɓata lokaci ba wajen gano cutar.

"Ciwon zuciya ne," ta ce, tana nuna ni da baki. "Tun ranar da yarinyar nan ta watsa mana ƙasa a ido numfashin uwarta ya sarƙe. Maganin yana bakinta, ta ƙi furtawa."

Daga tsakar gida maganar ta koma guruf ɗin 'yan gidanmu a waya. Yayana da ke aiki a wani gari ya rubuto: "Auta ki ji tsoron Allah. Uwa ɗaya gare mu." Matarsa ta saka hoton fuska mai hawaye har uku. Wata 'yar ƙanwar Umma da rabona da ita tun muna yara ta turo saƙon murya mai tsawo, ban saurara ba har yau. Na ce a kai Umma asibiti, Umma ta ce asibiti ne ya cinye babanmu, ba za ta taka ba. Gwaggo ta aro mata abin shaƙa na masu asma a wajen maƙwabciya, bai yi komai ba, ta ce ai dama ta faɗa, ba ciwon magani ba ne.

Zan gaya muku gaskiya, tun ina musu a baki har na fara yarda a zuci. Ina kan keken ɗinki sai in ji tarin Umma a kunnena, in karkace layi, in farke, in sake. Ranar nan na ɗinke wa wata mata hannun riga a baibai, ta dube ni ta ce, "Auta, lafiya kuwa?" Da ta fita na ɗauki waya, na buɗe lambar Malam Ba-Komai, na rubuta: "Na amince." Ban tura ba. Na bar shi a wurin, kullum in buɗe in kalla in rufe.

Jiya da safe na shirya zan fita shago, na saka doguwar rigata baƙa mai aljihu da ɗankwali ruwan goro, na leƙa in yi wa Umma sallama. Na tarar da ita zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyinta da hannu biyu, kafaɗunta na hawa suna sauka. Tsintsiya da ɗan faranti na ƙasa, ta gama sharar keji ke nan. Tsuntsayen na ta waƙarsu a kanta.

"Umma?"

"Je ki... abinki... ba..." Ba ta iya ƙarasawa ba. Leɓenta ya yi wani duhu da ban taɓa gani ba.

Gwaggo ta shigo da carbi a hannu, ta dube ta, ta dube ni. "To kin gani. Sai ki tsaya ki ƙarasa ta."

Na ciro wayar, na buɗe saƙon, na kai shi saitin fuskarta.

"Gwaggo, kin ga wannan? Yatsa ɗaya ya rage in tura. Amma wallahi ba zan tura ba sai mun je asibiti. In likita ya duba ta ya ce ni ce, a gabanku zan danna, ku sa rana duk lokacin da kuka ga dama. In kuma ba ni ba ce, kowa ya fita harkata."

"Ni kike gindaya wa sharaɗi? Ni da na yi miki wanka kina jaririya?"

"Ke nake gindaya wa, Gwaggo, ki yi haƙuri. Umma, tashi."

Ban san ko sharaɗin ne ya ɗaga Umma ba ko wuya ce ta kai ta bango. Ta dai miƙo hannu, na yafa mata farin mayafinta da ke rataye a jikin tagar, na kira mai adaidaita.

Ƙaramin asibitin unguwarmu ne, irin mai dogayen benci a baranda da tagar karɓar kati. Mutane cike, mata da goyo, wani tsoho da ƙafa a naɗe. Ma'aikaciyar jinya na bin layi tana tambayar kowa abin da ya kawo shi. Tana zuwa kanmu, kafin in buɗe baki Gwaggo ta ɗaga murya yadda har na ƙarshen benci zai ji.

"Ciwon zuciya ne! Ya ci ƙarfinta!"

Ma'aikaciyar ta kalli leɓen Umma, ta juya da gudu. Sai ga keken marasa lafiya, sai ga mutum biyu, aka tura Umma ciki, aka tsallake layin gaba ɗaya. Gwaggo ta gyara mayafi tana bin su da taƙama, ta waigo ta ce min, "Kin ga su ma sun san abin ba wasa ba ne."

Likitar mace ce, za ta yi sa'ar babbar yayata da ina da ita, tabarau rataye a wuya da igiya, takalmin gudu a ƙafarta. Ta maƙala wa Umma wani ɗan abu a yatsa, ta kalli lambar da ya nuna, ta ce a saka mata iskar oksijin a hanci. Sai da numfashin ya ɗan lafa sannan ta jawo kujera ta zauna dab da ita.

"Mama, an ce kina da ciwon zuciya. Wane asibiti ne ya gaya miki? Wane magani kike sha?"

"Ba asibiti ba ne, likita," Gwaggo ta karɓe. "Ga wadda ta saka mata nan tsaye. Miji aka samo mata, ɗan mutunci, ta ce ba ta yi."

Likitar ta saka tabarau ta dubi Gwaggo, ta dube ni, ta sake duban Gwaggo.

"Hajiya, wace zuciyar kike nufi? Wadda ake ɓata wa rai, ko wadda ke harba jini?"

"Yo da guda nawa ce?"

Ma'aikaciyar da ta kawo keken ta juya baya, na ga kafaɗarta na rawa. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce, "A bakinmu ɗaya ce, a ɗakin nan biyu ce. Ni ta biyun aka koya min. Bari in duba ta, in na gama sai mu ga abin da ya rage wa ta farkon. Amma don Allah ki bar Mama ta amsa da bakinta."

Masu karatu, ban taɓa ganin mai tambaya irin matar nan ba. Yaushe abin ya fara, farat ɗaya ko a hankali? Yana zuwa ne in tana aiki ko har tana zaune? In ta kwanta yana ƙaruwa? Filo nawa take tadawa? Ƙirjin na ciwo? Zuciyar na bugun da take ji har a wuya? Umma na amsawa da kai, wani lokaci da kalma ɗaya. Likitar ta danna ƙafarta da babban yatsa ta ce babu kumburi. Ta duba jijiyar wuyanta, ta auna hawan jini, ta sa aka liƙa mata wayoyi a ƙirji wata na'ura ta fitar da doguwar takarda mai zane. Ta daɗe tana kallon zanen.

"Wadda ke harba jini dai ban ga laifinta ba," ta ce. "Sauri kawai take yi don iska ba ta isar ta."

Gwaggo ta taɓe baki. "To saura ɗayar."

"Da saura tukuna, Hajiya. Ba zuciya kaɗai ke hana mutum numfashi ba."

Ta ja fatar idon Umma ta leƙa, ta sa aka ɗiga jinin yatsanta aka gwada, ta ce jinin bai yi ƙasa ba. Ta tambayi ko tana da asma tun ƙuruciya, ko ƙirjin na yin fito, ko tana zufa idan ta kwanta, ko wani a gidan ya taɓa yin tarin fuka, ko da gawayi muke girki a cikin ɗaki, ko tana kunna maganin sauro mai hayaƙi. Duk a'a, sai ramar da ɗan zazzaɓi da ke zuwa yana tafiya. Sannan ta ɗora abin sauraro a bayan Umma, ta ce ta ja numfashi. Ta matsar da shi ƙasa, ta sake cewa ta ja. A nan ta daɗe, fuskarta ta canza.

"Akwai ƙara a ƙasan huhunta, duka ɓangare biyun. Ke tela ce, ko? Kin san maƙalen nan na bakin jaka, in ana ɓare shi a hankali? Irin wannan."

Na dafa ƙarfen gadon.

"Mama," ta ce, "tun da abin ya fara, akwai lokacin da kika ji ya sake ki? Ko na 'yan kwanaki ne?"

Ni ce na tuna. Lokacin da matar Yaya ta haihu Umma ta je ta yi musu kwanaki. Na laluba guruf ɗin gida na nemo bidiyon da Yaya ya turo, na miƙa wa likitar. Ga Umma nan tana hawa benen gidansu da jariri a kafaɗa, tana surutu, ko dafa bango ba ta yi ba.

"Da ta dawo fa?"

"Washegari tarin ya dawo," na ce.

Gwaggo ta tafa hannu. "Allahu akbar! Ai ga shi nan! Can ba ta ganin fuskar wannan, ta warke. Ta dawo ta gan ta, ciwo ya tashi. Likita, me kuma kike nema?"

Wallahi a lokacin ni kaina na ji maganar ta shige ni. Hannuna ya kai aljihu, na taɓa wayar. Na yi alkawari a gabansu, ni kuma ba na cin alkawari.

Likitar ta ce, "Ina neman abin da ta bari a gida ban da 'yarta. Ba mutum kaɗai ake bari ba in an yi tafiya. Ana barin ɗaki, da katifa, da labule, da..."

Sai ta tsaya. Ta sunkuya ta kai yatsu biyu kan mayafin Umma, wajen kafaɗa, ta ɗago wani ɗan abu ta ɗaga shi saitin taga. Gashin tsuntsu ne, ɗan mitsitsi, rawaya.

"Wannan na waye?"

Na ce na kanarin da ke kejin ɗakin Umma ne. Ta ci gaba da tambaya, wannan karon Umma take kallo. A ina kejin yake? A kan gadonta. Wa ke share shi? Ita. Yaushe aka kawo su? Wannan ni na amsa ta.

"Satin da na ce a'a."

Likitar ta ajiye gashin a kan takarda. Ta yi mana bayani a hankali, cewa akwai mutanen da huhunsu ba ya shiri da ƙurar gashin tsuntsu da busasshen kashinsa. Wani zai shekara da su lafiya lau, wani kuma kullum ya shaƙa huhun na kumbura daga ciki. Ta ce ba ta yanke hukunci ba tukuna, sai an ɗauki hoton ƙirji, an gwada majina don a cire tarin fuka daga lissafi, an kuma tura ta babban asibiti ta hura iska a na'ura. Amma tsuntsayen su bar gidan a yau, a wanke ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma, kuma ba Umma ce za ta yi ba. Idan aka bari abin ya daɗe, huhu na iya yin tabon da ba ya gogewa.

Na san ya kamata in yi shiru. Ban yi ba.

"Likita, don Allah ki faɗa da ƙarfi Gwaggona ta ji. A'a ɗin da na ce, ita ta sa huhun yin wannan ƙarar?"

"Ɓacin rai na iya sa mutum ya ji numfashi ya yi masa nauyi, ban raina shi ba," ta ce. "Amma ba ya sa huhu ƙara, ba ya kuma saukar da lambar nan ta yatsa. Wannan ba aikinki ba ne."

Na juya na kalli Gwaggo. Ta gyara ɗaurin zani, ta ce ita dai ta san abin da ta sani, likitocin yanzu har tsuntsu sai su ɗora wa laifi. Sai ta karɓi takardar magani ta fice, wai kar layi ya yi tsawo.

Aka bar ni da Umma a ɗakin hutawa, robar iska a hancinta. Na zauna a gefen gadon ina gyara mata filo, raina fes, har ina shirya irin saƙon da zan jefa a guruf. Sai na ji ta ce, can ƙasa-ƙasa:

"Na lura."

"Kin lura da me, Umma?"

"Duk ranar da na share kejin... da yamma ba na iya tashi. Tun kafin in je gidan yayanki na lura."

Na saki filon.

"Kin sani? Kina ji Gwaggo na cewa ni ce zan kashe ki, kina ji Yaya na ce min in ji tsoron Allah, kin sani kika yi shiru?"

"Ban sani ba, zargi nake. In na faɗa za ku ɗauke su. Tun da babanku ya tafi, ke kina shago, gwaggonki na kan carbinta, wa ke min magana a ɗakin nan?" Ta ja iska. "Kuma na ga kin fara laushi. Na ce in abin ya sa kin amince, to ya yi amfani. Ina tsoron in tafi in bar ki ke kaɗai, Auta."

Ban taɓa jin haushin mahaifiyata irin na lokacin ba, ban kuma taɓa jin tausayinta irin na lokacin ba, duk a tare. Hawaye na zuba, ban share ba.

"Umma, da ana ciro numfashi a ba wani, wallahi da yanzu zan ciro nawa in ba ki. Amma kin kusa kashe kanki don ki karɓi amsar da ba tawa ba. Da kin mutu fa? Da haka zan ƙare rayuwata, a gidan mutumin da na aura don tsoro, ina cewa ni na kashe uwata?"

Ta kamo hannuna, na bar mata, amma da ɗaya hannun na ciro waya, na buɗe saƙon nan, na goge shi harafi bayan harafi a gaban idonta. Sannan na ɗauki hoton gashin tsuntsun na tura guruf, na rubuta a ƙasa: "Ga wanda ya saka wa Umma ciwon zuciya. Mai son yi masa wa'azi ya zo gida, yana cikin keji." Yaya ya fara rubutu, ya daina, ya sake farawa. Har yanzu ina jira.

Likitar ta ce Umma ta zauna wajensu zuwa la'asar. Na bar Gwaggo da ita na koma gida. Na ɗaure hancina da ɗankwali, na sauke kejin na fito da shi tsakar gida, na ajiye a bakin famfo. Sannan na tura wa Malam Ba-Komai saƙo na farko da na taɓa tura masa da kaina: "Ka zo ka kwashe tsuntsayenka. Yanzu."

Daga wajen aiki ya taho, igiyar waya naɗe a kafaɗarsa, rigar tokar nan a ranar duk ƙura. Na tsaya na riƙe ƙugu na zayyana masa komai, tun daga leɓen Umma har gashin da likita ta tsinta, ban rage masa ko ɗaya ba. Na ƙarasa da cewa kyautarsa ce ta kusa kai uwata kabari, ni kuma aka rataya min. Sai na tsaya ina jira ya faɗi kalmar tasa, don na riga na tanadi abin da zan mayar masa.

Ya daɗe yana kallon kejin. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Wannan kam da komai," ya ce.

Ya ajiye igiyar wayar, ya naɗe hannun riga, ya nemi bokiti. Ban ce ya shiga ba, ban kuma hana shi ba. Ya sauke labulen ɗakin Umma, ya fito da katifa rana, ya goge bango da taga da fukafukan fankar da shi ya gyara, har ƙarƙashin gado ya shiga. Ni ina canza masa ruwa. Da ya gama ya wanke hannu a famfo, ya ɗauki kejin, ya tsaya.

"Zan riƙa ɗaukar kukansu a waya ina turo wa Umma, kar ta yi kewa."

"Ka gani ko?" na ce. "Ka fara. Umma, Gwaggo, fanka, famfo. Ka je ka auri gidan mana."

Na zaci zai yi murmushin nan nasa. Bai yi ba. Ya sauke kejin ƙasa.

"Satin da ya wuce Gwaggo ta kira ni, ta ce in kwantar da hankalina, kin kusa amincewa saboda jikin Umma. Na ji daɗi, Auta. Na san dalilin, amma na ji daɗi. Tun ɗazu da nake goge ɗakin nan abin da ke ba ni kunya ke nan." Ya share hannunsa a jikin wando. "Na janye maganar da na kai wa su Umma. Zan gaya musu da bakina, ba wanda zai ƙara matsa miki saboda ni."

To, abin da nake so ke nan, ko ba haka ba? Na ci nasara, a gaban likita, a gaban Gwaggo, ga shi har a gabansa. Na ɗaga kai na ce, "Madalla. Ka gaida gida."

Ya ɗauki kejin ya nufi ƙofa. Ya kai hannu kan sakatar, sai ya juyo.

"Likitar nan da kika ce ta yi ta tambaya har ta gano. Ni ban yi ko ɗaya ba, na dai yi ta gyare-gyare. In ba za ki ji haushi ba zan yi guda ɗaya, ba sai kin amsa yau ba, ba kuma sai amsar ta shafe ni ba." Ya kalle ni, ni kaɗai, ba ɗakin Umma ba, ba kujerar Gwaggo ba. "Auta, ke me kike so?"

Ke mai saƙon nan, ke da kika ce taurin kaina zai kai ni ya baro, ki yi dariya in kin ga dama. Ni da ban taɓa rasa amsa ba tun da na iya magana, ni da na gindaya wa Gwaggo sharaɗi da safe, na buɗe baki na ji iska ta ƙi shiga. Ya fita da kejin, ya ja ƙofar a hankali. Na zauna a bakin famfo na dafa gwiwoyina da hannu biyu ina haki, kuma babu tsuntsu ko ɗaya a gidan da zan ɗora wa.